Amrish Puri: Aikin da Ke Bayan Muryar Mogambo

Duk wanda ya taɓa zaman kallon fim ɗin Indiya a ƙasar Hausa, ko a silima ne irin su Plaza da Eldorado da Marhaba a Kano a zamaninsu, ko a gidan kallo na unguwa, ko kaset aka sa a falo yara suka cika tabarma, ya san fuskar nan. Ƙaton kai, faffaɗan ƙirji, manyan idanu, ga murya kamar daga ƙasan rijiya take fitowa. Da yawa ba su ma san sunansa ba. Mogambo suke ce masa, ko su ce "bos ɗin nan". Sunansa Amrish Puri, kuma ya fito a finafinai sama da 400 ba tare da ya zama jarumin da ake yi wa waƙa a cikin furanni ba. Shi ne lauya, shi ne mai gari, shi ne boka, shi ne gwamna, shi ne uban yarinya. Irin wannan ɗan wasa shi ke riƙe fim, domin jarumi ba ya yin nauyi sai gwargwadon nauyin wanda ya tsaya a gabansa. In bos ya zama holoƙo, nasarar jarumi ma holoƙo ce.

Abin da ya fi damuna a yadda ake maganarsa shi ne a ce baiwa ce kawai, Allah ya ba shi murya da ido. Gaskiya ne an ba shi. Amma mutane nawa aka ba murya mai kauri suka ƙare ba su iya faɗin layi biyu a gaban kyamara ba? Abin da ya bambanta shi aiki ne na shekaru a kan dandamali, tun kafin wani ya san da shi.

An haife shi ranar 22 ga Yuni, 1932, a Nawanshahr ta yankin Punjab. Yayyensa biyu, Chaman Puri da Madan Puri, sun riga shi shiga fim, kuma Madan ya yi suna a matsayin mugu tun Amrish yana saurayi. Ya bi sawunsu zuwa Bombay, wadda yanzu ake kira Mumbai, a shekarun 1950, aka yi masa gwajin kyamara ya faɗi. Lokacin zamanin Dilip Kumar da Dev Anand da Raj Kapoor ne, ana neman fuska mai laushi, tasa kuwa duk ƙashi ce da tsauri. Sai ya kama aiki a hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin Indiya, ya yi shekara kusan 20 yana zaman ofis da rana, da yamma ya tafi atisayen wasan daɓe. Ya fara koyo a hannun Ebrahim Alkazi, sannan ya daɗe tare da Satyadev Dubey, wanda ya sa shi a wasannin manyan marubuta irin su Girish Karnad da Vijay Tendulkar. A 1979 aka ba shi lambar Sangeet Natak Akademi, babbar karramawar da ƙasar ke yi wa 'yan wasan dandamali da mawaƙa. Fim kuwa sai da ya kusa shekara 40 ya fara samun 'yan ƙananan fitowa, a Prem Pujari a 1970 da Reshma Aur Shera a 1971.

A tsaya a duba abin da dandamali ke koya wa mutum, don a nan sirrin yake. A zauren wasa ba wanda zai ce a tsaya a sake. Ba a kawo fuskarka kusa da mai kallo. Mutumin da ke kujerar ƙarshe ya biya kuɗinsa kamar yadda na gaba ya biya, dole ya ji kowace kalma, har wadda aka faɗa da raɗa. Wannan ba ya samuwa da ihu. Yana samuwa ne da numfashi.

Horon da ake ba ɗan wasan daɓe a ko'ina kusan iri ɗaya ne. Da farko ya kwanta rigingine, ya ɗora littafi mai ɗan nauyi a kan cibiya, ya ja iska ta hanci yana ƙirga huɗu. Littafin ne ya kamata ya ɗaga, ba kafaɗu ba. In kafaɗu suka ɗaga, iskar a saman ƙirji ta tsaya, kuma ba za ta kai shi ƙarshen doguwar jimla ba. Sai ya saki iskar a hankali ta tsakanin haƙora, yana ƙirgawa, yau ya kai 15, bayan wasu makonni ya kai 30. Bayan wannan sai gunjin baki a rufe, wato ya riƙa "mmm" har ya ji leɓɓansa suna kaɗawa, ya ɗora tafin hannu a ƙirji ya ji nan ma yana rawa. Wannan rawar ita ce kaurin murya na gaskiya. Sannan a zo kan furuci: ya ɗauki layinsa ya faɗe shi a hankali ƙwarai, yana ba kowane harafi haƙƙinsa, musamman ƙarshen kalma, inda yawancin mutane ke haɗiyewa. Minti 20 zuwa 30 kullum ya fi awa uku sau ɗaya a mako.

Inda ake kuskure shi ne mutum ya ji muryar Amrish Puri ya ce zai yi irinta, sai ya danne maƙogwaro, ya sunkuyar da haɓa, ya matso sauti daga wuya. Zai samu kauri, amma kauri ne mai toshewa. Kalmomi za su cakuɗe, muryar ba za ta iya hawa da sauka ba, kuma kwana biyu ana aiki zai dishe. A saurari Amrish da kyau, ko mutum bai jin yaren Hindi ba zai lura kowace gaɓa tana fita daban, kuma yana iya saukowa daga tsawa zuwa raɗa a cikin numfashi ɗaya ba tare da muryar ta karye ba. Wuyansa a sake yake. Ƙarfin daga ciki yake tasowa.

Matsalar ɗan dandamali in ya zo gaban kyamara ita ce komai nasa ya yi yawa. Ɗaga girar da ake yi don na kujerar ƙarshe ya gani, in kyamara ta matso sai ta zama abin dariya. Amrish ya yi sa'ar koyon ragewa a hannun daraktocin da ba sa son ƙarin gishiri. Girish Karnad ya sa shi a Kaadu a 1973, fim ne da yaren Kannada. Shyam Benegal ya ba shi babban yayan gidan masu ƙasa azzalumai a Nishant a 1975, sannan a Manthan a 1976 ya zama Mishra, mai sayen madara da araha a hannun talakawan ƙauye. Wannan fim ɗin manoman Gujarat dubu 500 ne suka haɗa kuɗinsa, kowa rufi biyu. A Bhumika a 1977 ya fito attajirin da ya killace 'yar wasa a gidansa. Govind Nihalani kuma ya sa shi lauyan gwamnati a Aakrosh a 1980, da uba ɗan sanda mai tsanani a Ardh Satya a 1983. Wanda bai san Amrish Puri sai a matsayin Mogambo ba, ya nemi waɗannan. Mugayen da ke cikinsu ba sa dariyar mugunta. Suna zaune ne a kan kujera, suna magana a hankali, irin mutanen da kowa ya taɓa gani a garinsu. A ganina Mishra ya fi Mogambo ban tsoro, don shi ana iya haɗuwa da shi a kasuwa.

Hum Paanch na 1980 ne ya buɗe masa ƙofar finafinan kasuwa, inda ya fito azzalumin mai ƙasa. Daga nan Subhash Ghai ya ɗauke shi a Vidhaata a 1982 da Hero a 1983, aiki ya yi ta zuwa.

Ya kamata a san yadda ake aiki a Bombay a wancan lokacin kafin a yanke hukunci kan ɗan wasa. Mutum ɗaya yana iya riƙe finafinai goma ko fiye a lokaci guda, ya yi aikin safe a wannan sutudiyo, na yamma a wancan. Fim ɗaya kan ɗauki shekara biyu ko uku ana yinsa gutsi-gutsi. Sau da yawa a wurin ɗauka ake miƙo wa ɗan wasa takardar maganarsa. To, fitowar da aka fara a watan Maris, wataƙila sai Nuwamba za a ƙarasa ta. Dole ɗan wasa ya tuna da wane hannu ya riƙe sanda, ina rawaninsa ya karkata, gashin bakin nan wane tsawo ne, kuma da wane zafin rai ya fita daga ɗakin, don in an haɗa hotunan ya shigo ɗaki na gaba da irin wannan zafin. In ya manta, mai tace fim ba shi da yadda zai yi, mai kallo kuma zai ji wani abu bai zauna ba ko da bai iya faɗin mene ne ba. Sannan akwai alamar da ake yi a ƙasa da alli ko salatif, inda ɗan wasa zai tako ya tsaya daidai ba tare da ya kalli ƙasa ba. Taku ɗaya ya wuce, fuskarsa ta fita daga haske ko hoton ya dusashe, a sake. Zaren fim ɗin da ake ɗauka a kai kuwa a lokacin da tsada yake, furodusa yana ƙirga kowace ƙafa ta tsawonsa. Ɗan wasan da ke zuwa a kan lokaci, ya haddace layinsa, ya ba da abin da ake so a ɗauka ta ɗaya ko ta biyu, shi ake sake kira. Shekarun ofis da na dandamali sun ba Amrish wannan tarbiyya, kuma abokan aikinsa sun shaide shi da kiyaye lokaci.

Wani abu kuma da masu kallo ba su cika sani ba: muryar da ake ji a yawancin finafinan Indiya na wancan zamani ba a wurin ɗauka aka naɗe ta ba. Kyamarorin suna da ƙara, titi ma da hayaniya, don haka bayan an gama sai ɗan wasa ya shiga ɗakin ɗora murya, a haska masa fitowar, ya sake faɗin maganar daidai da motsin leɓɓansa. A nan ɗan wasa mai rauni ke tonuwa, domin zai daidaita baki amma ran maganar ya tafi, tunda yana tsaye ne shi kaɗai a ɗaki mai sanyi, ba abokin wasa a gabansa. Mai horon murya kuwa a nan yake ƙara wa aikinsa kyau. Yana iya matsowa kusa da makirufo ya yi ƙasa da murya, ya bar ƙaramin numfashi kafin kalma mai nauyi. Rabin tsoron da Amrish Puri ke sa wa a wannan ɗaki aka gina shi.

Mu zo kan Mogambo, a Mr. India na 1987, wanda Shekhar Kapur ya ba da umarni. A kan takarda wannan rol ɗin na tatsuniyar yara ne: mugu a tsibiri, da makamai masu linzami, yana son ya ci Indiya. Ga gashi mai ruwan zinare, ga baƙar rigar soja da aka yi wa ado da zinare, ga zobba a yatsu. In aka ba wanda bai ƙware ba, kayan za su haɗiye shi. Dubi abin da Amrish ya yi. Yana zaune a karaga, jikinsa ba ya motsi, yatsunsa kawai ke ƙwanƙwasa ƙwallayen da ke hannun kujerar, zobban suna ƙara. Ya umarci sojojinsa su faɗa cikin tafkin ruwan guba don nuna biyayya, suka faɗa. Sannan ya faɗi kalmomin nan uku da yaran Kano da Zariya suka haddace ba tare da sun san Hindi ba, "Mogambo khush hua", ma'ana Mogambo ya ji daɗi. Layin yana dawowa sau da yawa a fim ɗin, kuma ba ya maimaita shi da sauti ɗaya. Wani lokaci da jan kalmar ƙarshe, wani lokaci da murmushi, wani lokaci kamar gargaɗi. Wannan ita ce ƙa'idar maimaita layi: kalmomin su tsaya yadda suke, dalilin faɗarsu ya riƙa canzawa. In an faɗa iri ɗaya sau uku, na huɗu ba wanda zai saurara.

Hanyarsa a irin waɗannan finafinai ita ce ya ba kowane mutum alama guda, ba biyar ba. Lauya Chaddha a Damini na 1993 yana da wannan fizgar kai da yake mayar da gashin goshinsa baya kafin ya soki mai shaida da tambaya. Bhairo Nath a Nagina na 1986 yana da busar macizai da zuba ido ba ƙiftawa. Alama ɗaya tana manne wa mai kallo. In ɗan wasa ya tara ɗingishi da tari da dariya da karkata hula duk a mutum ɗaya, ya zama ɗan kama, tsoro ya gudu. Askin kansa ma ya taimaka a nan. Ya aske ne saboda rol ɗin Mola Ram a fim ɗin Steven Spielberg, Indiana Jones and the Temple of Doom, na 1984, kuma ya ci gaba da zama da ƙwal kwabo. Kai mara gashi yana karɓar kowace hular gashi da kowane rawani cikin sauƙi, mutum ya fito yau dattijo gobe ɗan daba. Game da shi wancan fim ɗin, gwamnatin Indiya ba ta yarda a ɗauke shi a ƙasarta ba saboda yadda labarin ya siffanta mutanenta, sai aka koma Siri Lanka da Ingila. Ƙorafin yana da tushe, fim ɗin ya nuna Indiyawa da addininsu a mummunar siffa. Aikin Amrish a cikinsa mai ƙarfi ne, amma ba shi ne inda za a auna shi ba. Kafin wannan ma ya fito a Gandhi na 1982, a ƙaramin rol na Musulmi mai goyon bayan Gandhi a Afirka ta Kudu.

Ba zan ce duk abin da ya yi zinare ba ne. Wanda ya yi finafinai sama da 400 dole ya maimaita kansa, kuma a ƙarshen shekarun 1980 akwai da dama da daraktoci ba su nemi komai a wurinsa ba sai zare ido da tsawa. Ya ba su abin da suka biya. Wannan shi ne haɗarin da ke jiran duk ɗan wasan da ya iya abu ɗaya sosai: kasuwa ta ɗaure shi a turke guda.

Yadda ya kwance kansa daga turken shi ya fi burge ni. Kayan aikin da ya gina bos da su, da su ya gina uba. A Gardish na 1993 ya zama ƙaramin ɗan sanda mai burin ɗansa ya zama babban jami'i, yana kallo burin ya rushe. A Ghatak na 1996 ya zama Shambhu Nath, tsohon ɗan gwagwarmayar 'yanci daga Banaras da aka kawo Bombay neman magani, mugu ya wulaƙanta shi a bainar jama'a. Mutumin da ya saba taka wasu, ga shi ana taka shi, kuma mai kallo ya ji zafin ninki biyu saboda ya san girman wanda aka durƙusar. Ya samu lambar yabon finafinan Indiya ta Filmfare a rukunin mataimakin jarumi da wannan, ya sake samu da Virasat na 1997, bayan ta farko da ya karɓa da Meri Jung na 1985. Har barkwanci ya yi a Chachi 420, kuma dabararsa a nan ita ce bai yi ƙoƙarin ba da dariya ba, ya tsaya da gaskensa, yanayin ne ya ba da dariyar. A talabijin ma ya fito a Tamas na Govind Nihalani, wanda tashar Doordarshan ta nuna a 1988, kan kashe-kashen da suka biyo raba Indiya da Pakistan a 1947, a yankin Punjab ɗin da aka haife shi.

Amma uban da duniya ta fi sani shi ne Baldev Singh a Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995. Mai shago ne a Landan, zuciyarsa tana Punjab, ya yi wa abokinsa alkawarin 'yarsa tun tana jaririya. Duk Bahaushe ya san wannan uban, kuma ina jin shi ya sa fim ɗin ya zauna a nan. Amrish bai mai da shi mugu ba. Mutum ne mai gudun a ce ya saɓa magana. A dubi fitowar ƙarshe a tashar jirgin ƙasa. Jirgi ya fara tafiya, saurayin yana bakin ƙofa jina-jina, yarinyar tana roƙo, uban ya riƙe wuyan hannunta gam. Ba ya kallonta. Idonsa yana kan yaron. Fuskar ba ta canza ba, babu hawaye, babu rawar leɓe. Abin da ya canza yatsu ne: suka saki. Sai bayan hannun ya saki sannan maganar ta fito, ya ce ta tafi ta yi rayuwarta. Tsarin nan shi ne darasin, tunani ya fara, jiki ya bi, magana ta zo ƙarshe. Ɗan wasan da bai ƙware ba yakan fara da magana, sannan ya tuna ya saki hannu, sai abin ya zama karatu. Kuma da a ce Amrish ya sassauta fuska tun tsakiyar fim don masu kallo su so shi, da sakin hannun nan bai zama komai ba. Ya riƙe tsaurin kusan awa uku saboda daƙiƙa biyar.

Yanzu yawancin matasanmu a fassarar Hausa suke kallon finafinan Indiya, kuma masu fassarar suna ƙoƙari, sun kawo labaran kusa da waɗanda ba sa jin yaren. Sai dai fassara tana cire muryar asali, wato rabin aikin mutum irin Amrish Puri. Duk mai son fitowa a bos ko uba a finafinanmu na Hausa, ya samo na asali, ya zaɓi fitowa ɗaya ta minti biyu. Ya kalle ta da farko ba sauti, ya ƙirga sau nawa mutumin ya motsa hannu, sau nawa ya ƙifta ido, me yake yi lokacin da wani ke magana. Sannan ya rufe ido ya saurari sautin kaɗai, ya lura da inda ake jan numfashi da inda ake yin shiru. Zai tarar motsin ya fi yadda yake zato ƙaranci, shirun kuma ya fi yawa.

Ya ci gaba da aiki har ƙarshe. A 2001 ya fito uban yarinya a Gadar, ya fito babban ministan jiha a Nayak. Ciwon jini ya kama shi a shekarunsa na ƙarshe, ya mutu a Mumbai ranar 12 ga Janairu, 2005, yana da shekara 72, wasu finafinansa ba su ma fito ba tukuna. Gidan silima na Maratha Mandir a Mumbai ya yi shekara sama da 25 yana haska Dilwale Dulhania Le Jayenge kullum, kuma mutumin farko da ake gani in an kashe fitilu shi ne Baldev Singh, tsaye a wani dandali a Landan da sassafe, yana watsa wa tattabaru hatsi yana kiransu.